Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Bin Sawun "Pan" a Tsohuwar Sudan

Wajen shekara dubu biyu da suka wuce, wani Bagirke masanin labarin ƙasa mai suna Strabo ya rubuta, a juzu'i na 17 na kundinsa, cewa mutanen Meroe abubuwa huɗu suke bauta wa. Uku ya kira su da suna: Herakles, Isis da Pan. Na huɗun bai ba shi suna ba, ya ce dai wani ne na 'yan ƙasar, ya wuce.

Isis ba abin mamaki ba ce, don daga Masar take, kuma har tsibirin Fila, kusa da Aswan, mutanen Meroe suke zuwa mata ziyara. Pan shi ne ya ɗaure wa masana kai. Abin bautar makiyayan Girka ne, mai ƙafafun akuya, wanda asalinsa ke cikin duwatsun Arkadiya. Me ya ƙetaro da shi Bahar Rum, ya haye hamada, har ya samu gindin zama a daular Kush, wato ƙasar Meroe?

Ƙasar da ake magana a kanta ba ta da nisa da mu Hausawan Simsim na gabashin Sudan. Abin da Girkawa ke kira "tsibirin Meroe" shi ne Butana, faffaɗan filin nan da ke tsakanin Nilu, Atbara da Shuɗin Nilu. Wanda ya tashi daga Simsim ya nufi arewa, ya wuce birnin Gadarif, da zarar baƙar lakar noma ta fara ba wa filin kiwo wuri, to ya taka bakinta. Makiyayan da ke ratsa gonakin Simsim da rani suna neman ruwan kogin Rahad, Butana suke komawa da damina. Tarihin ƙofar gidanmu ne, ya cancanci a bi sawunsa a tsanake.

Pan a gidansu

Arkadiya ƙasar tsaunuka ce a tsakiyar kudancin Girka, noma kaɗan, awaki da tumaki da yawa. Mutanenta sun siffanta Pan da jikin mutum daga ƙugu zuwa sama, ƙafafu da kofato na akuya, ga ƙaho ga gemu, yana busa sarewar kara. A akasarin Girka kogo da maɓuɓɓugar ruwa ne wurin bautarsa, ba manyan gine-gine ba. Makiyayi na roƙonsa yawan haihuwar garke, maharbi na roƙonsa sa'a. Idan farauta ta ƙi, samarin Arkadiya sukan tsinko albasar kura su zane gunkinsa da ita. Da rana tsaka makiyayi ba ya busa, don a cewarsu lokacin barcinsa ne, kuma in aka tashe shi ba a kwashewa lafiya. Duk firgicin da ya afka wa garke ko runduna ba gaira ba dalili, shi suke ɗora wa.

Bahaushe ba zai ji wannan baƙon abu ba. Mu ma an hana mu zuwa gindin tsamiya da tsakar rana. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafinsa a 1946, ya tarar sun bambance iskokin da aka saba da su da iskokin daji. A Massalata, kusa da Birnin Ƙonni, har yanzu ana buɗin daji kafin mafarauta su shiga. Duk al'ummar da ta rayu a bakin jeji ta san wannan tsoron, ta kuma raɗa masa suna da harshenta. Abin tambaya shi ne ko sunan da Strabo ya rubuta na mutanen Meroe ne, ko nasa.

Su wane ne shaidun?

Shaidu uku ne a gabanmu, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Hirodotus, a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya ce mutanen Meroe biyu kawai suke bauta wa, Zeus da Dionisus, kuma Zeus yana da wurin duba da ke gaya musu inda za su kai yaƙi. Diodorus, wanda ya ziyarci Masar wajen shekara ta 60 kafin Miladiyya, ya lissafa Isis, Pan, Herakles da Zeus. Strabo kuma ya kawo Herakles, Pan, Isis da wanda ba a kira sunansa ba.

Cikin ukun nan babu wanda ya taka Meroe. Hirodotus a Aswan ya tsaya. Strabo ya raka abokinsa Aelius Gallus, gwamnan Rum a Masar, har Fila, daga nan ya juya. Diodorus shi da kansa ya ce daga littattafan magabata irin su Agatarkides ya kwaso, sai kuma hirar da ya yi da malaman addinin Masar da wasu jakadun ƙasar kudu da ya tarar a can. Ji ne, ba gani ba. Kuma jin ma ta bakin tafinta ya biyo, daga harshen Meroe zuwa na Masar, daga na Masar zuwa na Girka.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta marubutan Girka da duk mai karanta su ya sani: ba sa yarda cewa wasu mutane na da ababen bauta dabam da nasu. A wurinsu abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Amun na Masar Zeus ne, Osiris Dionisus ne, Khonsu Herakles ne. Da wannan mabuɗin jerin Hirodotus ya buɗe nan take: Amun da Osiris yake nufi. Saura Pan.

Zato na farko: Girkawa ne suka zo da shi

Wannan zaton ba a banza ya taso ba, don kayan Girka sun iso Meroe. A maƙabartar sarakuna da ke Bajarawiyya, kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum, an tono ƙoƙon shan giya da wani magini na Atina mai suna Sotades ya yi, ya sa hannu a jikinsa, tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya. A 1921 ayarin George Reisner ya samo guntayen sarewu irin na Girka a dalar sarauniya Amanishakheto, yanzu suna Boston. Diodorus ya ba da labarin sarki Ergamenes, tsaran sarkin Masar Batlamiyus na Biyu, wanda ya ce ya yi karatun Girkawa. Pliny ya ambaci wani Simonides da ya shekara biyar a Meroe yana rubutu a kan ƙasar.

Hujjar da ta fi kusa da mu tana Jabal Ƙaili, a tsakiyar Butana. A jikin wani dutse an zana sarki Shorkaror na ƙarni na 1 Miladiyya, yana tsaye da kwari da baka. Gabansa wata fuska ce mai kallon mutum ido da ido, hasken rana na fita daga kanta kamar yadda Girkawa ke zana abin bautarsu na rana. Da hannu ɗaya tana miƙa wa sarki igiyar da aka ɗaure fursunoni, da ɗaya kuma zangarniyar dawa, irin wadda ake yanka a Simsim duk kaka. Ashe masu sassaƙar Meroe sun san zanen Girka, kuma sukan ara in sun so.

Sai dai aron zane dabam, aron addini dabam. Tun daga Frédéric Cailliaud da ya iso kufan a 1821, zuwa Richard Lepsius a 1844, zuwa John Garstang da ya yi tono a birnin daga 1909 zuwa 1914, zuwa ayarin Fritz Hintze na Jamus ta Gabas a shekarun 1960, ba wanda ya fito da ɗakin bauta ko ɗaya na mai ƙafafun akuya. Abin da aka lissafa cikin manya huɗu na daula ba zai ɓace haka ba tare da ya bar ko tubali ba. Zato na farko ya faɗi.

Hanyar mafarautan giwa

Akwai wurin da sunan Pan ya cika bango a wannan nahiya, kuma labarinsa ya ratso gabashin Sudan. Bayan mutuwar Iskandar Mai Girma, sarakunan Girka na Masar suna buƙatar giwayen yaƙi, ga shi abokan gabansu na Sham sun tare hanyar Indiya. Sai Batlamiyus na Biyu ya juyo kudu. Wajen shekara ta 270 kafin Miladiyya aka kafa masa sansanin farauta mai suna Ptolemais Theron a gaɓar Bahar Maliya, wanda masana ke sanyawa a yankin Tokar da Aƙiƙ. Ana kama giwaye a cikin ƙasa, a loda su a jiragen da aka ƙera don su, a sauke a tashar Berenike, sannan a koro su a ƙasa cikin hamada har bakin Nilu. A yaƙin Rafah na shekara ta 217 kafin Miladiyya, Batlamiyus na Huɗu ya fito da giwa 73, abokin karawarsa Antiyokus na Uku da 102.

A kan wannan hanya, kimanin kilomita 50 gabas da Edfu, akwai wani ƙaramin ɗakin bauta da Fir'auna Seti na Ɗaya ya sa aka fafe cikin dutse kusa da rijiya, ana kiran wurin Kanais. Sojoji da mafarauta da fatake sun cika shi da rubutun hannu, waɗanda André Bernand ya tattara ya buga a 1972. Wani na gode wa Pan mai kyautata hanya, wani na gode masa don sa'ar farauta, wani don ya dawo da rai daga ƙasashen kudu. Har hoton giwa wani ya karce a jikin dutsen. Mutane ne da suka sha ƙishirwa suka ga mutuwa da idonsu, suka iso inuwa da ruwa, suka rubuta ajiyar zuciyarsu.

To amma wannan Pan ɗin ba na Arkadiya ba ne. Min ne, tsohon abin bautar Misirawa na Ƙift da Akhmim, mai kula da haihuwa da hanyoyin hamadar gabas. Girkawa sun ga aikinsa ya yi kama da na nasu, sai suka ba shi sunan, har garin Akhmim suka mayar Panopolis, wato birnin Pan. Nan muka kama bakin zare na farko: a bakin Bagirken Masar, "Pan" na iya zama Min.

Bakin zare na biyu yana wurin Hirodotus. Ya ce a garin Mendes da ke arewacin Masar ana bauta wa Pan, kuma bunsuru ne dabbarsa. Da aka karanta rubutun Misirawa kansu, sai aka ga abin bautar Mendes sunansa Banebjedet, kuma da kan rago suke zana shi. Ke nan tun kafin Strabo da shekara ɗari huɗu, Bagirke ya taɓa ganin rago ya kira shi Pan.

Abin da duwatsu suka faɗa

Gani ya kori ji. Wanda ya je Naga, a yammacin Butana, abin da zai fara tarbarsa shi ne raguna goma sha biyu na dutse, shida dama shida hagu, kowanne a gurfane bisa dakalinsa, an nannaɗe masa gashi ƙulli-ƙulli, suna gadin hanyar shiga ɗakin da sarki Natakamani da sarauniya Amanitore suka gina a ƙarni na 1 Miladiyya. A ƙofar babban ɗakin bauta na birnin Meroe raguna ne. A Kawa an tono ragunan dutse da ke riƙe da siffar sarki Taharƙa, wanda ya yi mulki daga 690 zuwa 664 kafin Miladiyya, a tsakanin ƙafafunsu na gaba. Zobban zinariyar da likitan sojan nan ɗan Italiya, Giuseppe Ferlini, ya rushe dalar Amanishakheto ya kwashe a 1834, waɗanda yanzu ke Berlin da Munich, akwai masu kan rago a cikinsu. Duk na abu ɗaya ne: Amun, wanda a Napata suka ce yana zaune cikin Jabal Barkal.

Da Francis Griffith ya gano yadda ake furta haruffa 23 na rubutun Meroe wajen 1911, sai sunan ya fito da bakin masu shi: Amani. Shi ne a cikin Amanirenas, wadda ake kyautata zaton ita ce sarauniyar da ta kara da Rumawa a zamanin Strabo, da Amanitore, da Amanishakheto, da Natakamani, da Arkamani. Sarauta kanta da sunansa ake ɗaura ta. Yaya za a yi a lissafa ababen bautar Meroe a tsallake shi? Amma ga jerin Strabo babu Zeus a ciki. Ko dai mai ba shi labari bai san komai ba, ko kuwa Amani na nan cikin jerin sanye da rigar wani.

Za a ce to ai Diodorus ya kawo Zeus da Pan tare, don haka ba za su zama abu ɗaya ba. Amsar tana kan allunan sarakunan Kush. A saman allon mafarkin sarki Tanutamani, da aka samo a Jabal Barkal a 1862, da kuma allon sarki Nastasen, Amun biyu aka zana sun ba juna baya: na Tibis ta Masar mai kan mutum, da na Napata mai kan rago. Baƙon da aka nuna wa wannan zai ƙirga biyu. Mai kan mutum, sarkin ababen bauta, Zeus ke nan a wurinsa. Mai ƙahon kuma sai ya nemo masa wani suna.

Akwai ƙalubale mai nauyi da bai kamata a ɓoye ba. Girkawa sun san Amun mai ƙahon rago tun daga Siwa, inda Iskandar ya kai ziyara a 331 kafin Miladiyya, kuma Zeus Ammon suke ce masa. Don haka ƙaho kaɗai bai isa hujja ba. Abin da ya cike giɓin shi ne, a Karnak da Luksor, inda sarakunan Kush suka yi mulki suka yi gine-gine, ana zana Amun a siffar Min sak, hannu a ɗage da bulala a samansa. Hanyar Mendes ta rago da hanyar Ƙift ta Min duk a ƙofa ɗaya suka ɓulla. Ba a samu allo mai harshe biyu da ya buga wa maganar hatimi ba, amma a nawa nazarin ma'auni ya rinjaya sosai: Pan na Meroe wata fuska ce ta Amani. Kama da wane ba wane ba ne.

Bahaushen Sudan ya fi kowa sanin yadda haka ke faruwa. Kakanninmu sun iso ta hanyar hajji, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, tare da Fulani da Barebari da sauransu, kowa da harshensa da tarihinsa. Mai masauki ya dube su ya ce "Fallata", ya haɗa su a suna ɗaya. Wanda zai rubuta tarihinmu daga wannan sunan kaɗai, Bahaushe da Babarbare za su ɓace masa.

Na huɗun da ba a kira ba

Da Strabo mai daji yake nema, na huɗun ne ya kamata ya tambaya. A Musawwarat, cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye, nesa da kogi, sarki Arnekhamani ya gina ɗaki a ƙarni na 3 kafin Miladiyya don Apedemak, mai jikin mutum da kan zaki, riƙe da baka da kibau. Bangayen wurin cike suke da giwaye da zakuna. A Naga an zana shi da kawuna uku da hannaye huɗu a bangon baya, a gefen ƙofa kuma jikin maciji ne da kan zaki yana fitowa daga fure. Ba daga Masar aka aro shi ba, na ƙasar ne. Manyan wuraren bautarsa a filin makiyaya suke, kusa da manyan hafirai masu tara ruwan damina. Na Musawwarat faɗinsa ya kai mita 250, a Basa kuma zakunan dutse aka jera a bakin hafirin. Duk wanda ya yi rani a ƙasar Gadarif ya san cewa mai hafiri shi ke da mutane da dabbobinsu.

Masana da dama na ganin Apedemak ne wanda Strabo ya bari babu suna, kuma dalilin a fili yake: babu mai kan zaki a cikin na Girka, don haka babu rigar da za a sa masa. Abin da ya yi kama da na baƙo ya samu suna, ko da na kuskure ne. Abin da yake na ƙasar zalla ya zauna shiru har sai da aka karanta duwatsu.

Abin da ya rage a hannunmu

Daular Meroe ta faɗi wajen shekara ta 350 Miladiyya. Kiristanci ya zo da masarautar Alwa a Soba, Musulunci ya kafu, Sannar ta tashi a 1504. Ba mai durƙusa wa rago ko zaki a yau, alhamdu lillahi, kuma sanin tarihinsu ba bauta musu ba ne.

Dajin da ya haifi wannan tsoro shi ma ya ja da baya a kan idon iyayenmu. A 1861 Samuel Baker ya yi damina a Sofi, bakin Atbara, ya ga Larabawan Hamran na farautar giwa da takobi a kan doki a gaɓar Setit. Noman injina ya fara a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940. A 1968 aka kafa hukumar noman injina ta ƙasa, da rancen Bankin Duniya aka buɗe Simsim, aka tumɓuke itatuwan ƙaro, dawa da riɗi suka maye gurbinsu. Abinci ya samu, jama'a sun zo ci-rani sun zauna, amma jeji ya tafi da sunayensa.

Duwatsun ma yanzu suna cikin haɗari. UNESCO ta sa Meroe, Naga da Musawwarat cikin kayan tarihin duniya a 2011. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya kai har kusa da Naga da Musawwarat a Janairun 2024, an kuma wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum. Su ne fa shaidun da suka gyara kuskuren da ya shekara dubu biyu a littafi. In suka salwanta, maganar baƙo ce za ta sake zama ita kaɗai.

Tsare Naga ya fi ƙarfin manomin Simsim, amma akwai abin da bai fi ƙarfinsa ba. Har yanzu akwai tsofaffi a ƙauyukan nan da suka san wurin kafin tarakta ta shiga: wace korama ce ke riƙe ruwa har bazara, wace hanya ayarin alhazai ya biyo, wa ya fara saran gari, me ake kiran kowane tudu da Hausa da Larabci. Ɗalibanmu na da waya a aljihu. Su zauna gaban waɗannan dattawa, su ce, "Baba, gaya mana yadda kuka tarar," su naɗa, su rubuta da harshen da aka faɗa, da sunan da masu abin suka kira shi. Mutanen Meroe sun sassaƙa nasu a dutse, shi ya sa aka iya dawo musu da shi.